Dunƙulen Kanwa na Biyu

Duk Bahaushen da ke Manshiya, unguwar gareji da gidajen haya ta birnin Sabha a ƙasar Libiya, ya san Dakta Abdulbaƙi, amma da wuya ka sami mutum biyu da za su faɗa maka aikinsa daidai. Masu ciwon baya sukan tare shi a bakin masallaci, masu basir su ja shi gefe. Ya gaji da cewa shi ba likita ba ne, malamin jami'a ne. Sai su ce to, su ci gaba da bayanin ciwonsu.

Aikin nasa kuwa ba wani abin ɓoyo ba ne. Jikin mutum da na dabba an gina shi ne da ƙananan ƙwayoyi waɗanda ido ba ya gani, kowace an kewaye ta da tantani. A jikin tantanin akwai ƙofofi, kowace da abin da take shigarwa ko fitarwa: wannan ta sukari, waccan ta ruwa, wata ta gishiri. A kan ƙofar gishirin nan Abdulbaƙi ya ƙarar da ƙuruciyarsa. Ya fara a Zariya, garin haihuwarsa, ya je Turai ya ƙaro karatu, sannan jinin raƙumi ya kawo shi Sabha. Raƙumi yakan yi kwanaki bai ga ruwa ba, ya zo ya sha na tashin hankali a lokaci guda, ƙwayoyin jininsa su kumbura amma ba su fashe ba. Yadda suke yi ne ya so ya gane. Shekara da shekaru mahautan Sabha suna ganinsa a mayanka da sassafe, da kwalabensa a cikin ƙanƙara, yana jiran a kayar da raƙumi. Suna yi masa kallon mai ɗan taɓi, amma suna ajiye masa wurin tsayawa.

Kwantiragin shekara biyu ya zo yi, sai zama ya kama shi. Ya auri wata 'yar Agadas, ta haifa masa 'ya ɗaya, Khaula, daga baya ta rasu aka binne ta a nan. Da ƙasar ta rikice abokan aikinsa suka kama gabansu. Injin da ke tace masa jini ya lalace, babu mai gyara, sinadarai suka ƙare, babu mai kawowa. 'Yan takardun da ya wallafa sun isa a ambaci sunansa a ƙasan shafi, ba su kai a san fuskarsa ba, kuma hakan bai taɓa hana shi barci ba. Ya koma koyarwa kawai. Kowace shekara da magana ɗaya yake buɗe darasi, har ɗalibai suna kwaikwayonsa a bayan idonsa: inda gishiri ya shiga, ruwa yana biye da shi.

Khaula ta auri Karimoune, wani bakanike Bazabarme daga Dosso, yaro mai ladabi da baƙin mai a ƙarƙashin farce. A tsakiyar sanyin bana ta haifi ɗa namiji. Haihuwar fari ce, don haka gidan ubanta ta dawo wanka. To gidan babu mace. Dole Abdulbaƙi ya yi wa yayarsa Uwa takardu, ya biya mata jirgi daga Najeriya.

Uwa ita ta raine shi. Mahaifiyarsu ba ta cika arba'in da haihuwarsa ba ta rasu, Uwa tana 'yar shekara goma sha biyu ta ɗaure shi a baya, kuma a ganinta har yau bai sauka ba. Mutum ya wuce sittin, gemu fari fat, amma Auta take ce masa. Shi ma in ta yi magana, kafin ya yi tunani bakinsa ya riga ya ce to.

Washegarin zuwanta ta tsaya a tsakar gida ta lissafa masa abin da za ta buƙata: gero, kayan yaji, ƙafar saniya, babbar tukunya, da kanwa.

"Yaya, ita kanwar nan a bi ta a hankali," in ji shi. "Ɗan kaɗan ya isa."

Ya san abin da yake faɗa. Kanwa ba ta da ɗanɗanon gishiri sosai, shi ya sa ba mai lissafa ta a cikin gishiri, amma sinadarin da ke jan ruwa a jiki ɗaya ne a cikinsu. Tun yana ɗalibi ya karanta yadda yawan kunun kanwa da gashin jego suke gajiyar da zuciyar wasu masu jego a ƙasarsu. Har misali yake bayarwa da shi a aji, yaran Libiya suna rubutawa.

"Auta, kai za ka koya mini jego?" in ji Uwa. "Matan da na wanke sun fi gashin gemunka yawa. Je ka ka dawo, rana na yi."

Ya yi dariya ya fita. A shagon Muƙaddas, wani Bakano mai kayan miya, ya sayo dunƙulen kanwa kamar kan mutum. Ya lissafa a ransa cewa wannan ko shekara aka yi ana dafa wake ba za ta ƙare ba. Ya miƙa wa Uwa, ya ɗauka ya sauke nauyi.

Sai kuma ga alkunya. Khaula 'yar fari ce, kuma Abdulbaƙi a wannan fannin Bazazzagi ne na asali. Bai taɓa kiran sunanta ba, sai dai “yarinyar nan”. Yana sonta son da ba ya yi wa kowa a duniya, amma ko sau ɗaya bai zauna ya ƙare mata kallo ba. Da ta haihu abin ya ƙaru. Kullum safe sai ya tsaya a bayan labulen ɗakinta, idonsa a kan takalminsa, ya ce, "Ya mai jego?" Ta ce, "Lafiya lau, Baba." Ya wuce makaranta. Mutumin da zai wuni yana leƙen ƙwayar jinin raƙumi a madubin bincike, bai ga ƙafar 'yarsa ba tun ranar suna.

Ba a kai rabin arba'in ba, wata safiyar Asabar yana shan shayi, Uwa ta leƙo daga kicin.

"In ka fita ka ƙaro kanwa."

Ya ajiye kofin. "Wace kanwa?"

"Kanwa nawa ka sani?"

"Yaya, ina wadda na kawo?"

"Ta ƙare. Ko ƙwaya kake so in ƙirga maka?" Ta goge hannu a zani, ta rage murya. "Sanyin garin nan mugu ne, Auta, ya shige ta. Ƙafafunta sun ɗan tasa. Na ƙara mata kunun, safe da rana da yamma, ga jiƙon kanwa tana kurɓa tsakani. Na sa hita a ƙarƙashin gadon. Kada ka damu, na san maganin abin."

Kansa ya shiga lissafi da kansa, nauyin dunƙulen a raba shi da kwanakin, amsar ta fito ba ta da kyau ko kaɗan. Nan ne ya kamata ya tashi ya ɗaga labulen. Amma Uwa tana tsaye a kansa da hannu a ƙugu, bakinsa ya yi abin da ya saba. Ya ce to, ya sa hula ya fita. Abin haushi, har shagon Muƙaddas ya je ya sayo, yana gaya wa kansa cewa zai ɓoye rabi, ya lallaɓa Yaya da yamma.

A hanyar dawowa ya bi ta garejin su Karimoune. Yaron ya fito daga ƙarƙashin wata mota, ya durƙusa ya gaishe shi, ya ƙi tashi. Ga alama akwai magana a bakinsa, kunyar suruki ta tokare ta.

"Faɗi mana," in ji Abdulbaƙi.

"Baba, ka yi haƙuri. Jiya ni na shiga gaida ta. Ita ba ya kwanciya, Baba. A zaune yake barci. In ta kwanta tari ya zo, numfashi babu. Na ce mu je wajen lokotoro a asibiti, Tanti Uwa ta ce mai jego ba ya fita, ta ce ni ban san komi ba." Ya sunkuyar da kai. "Na so in gaya maka tun jiyan. Na ji nauyi."

Abdulbaƙi bai yi masa faɗa ba. Da wane baki? Ya ce, "Tayar da mota ka biyo ni yanzu."

Ya shiga gida da ledar kanwar a hannu. Bai tsaya a bayan labule ba, ya yi sallama ya ɗaga shi. Zafi ya buge shi a fuska kamar ya buɗe murfin tukunya. An toshe taga da bargo, hita tana ci ja wur a ƙarƙashin gadon ƙarfe, ɗakin sai ƙamshin yaji da tururi. Khaula tana zaune an jera mata matasai a baya, jaririn yana barci a gefenta. Fuskarta ta cika, bakinta a buɗe, kafaɗunta suna hawa suna sauka. Da ta gan shi ta kama kokawar jawo mayafi.

Ya durƙusa a gaban gadon. "Khaula, miƙo ƙafarki."

Ta tsaya tana kallonsa. A rayuwarta ba ta taɓa jin sunan nan a bakinsa ba, har sai da ya maimaita. Ta miƙo. Ƙafar ta yi suntum, fata tana ƙyalli. Ya danna babban yatsansa a ƙwaurinta ya ɗaga, wurin ya lotsa ya zauna a lotse. Ya jira, bai taso ba. Tsoro ya kama shi irin wanda bai ji ba ko a shekarun harbe-harbe.

"Auta!" Uwa ce a bakin ƙofa, da kwanon kunu a hannu. "Me nake gani? Ɗakin jego? 'Yar fari? Zaman ƙasar Larabawa ya cire maka kunya?"

"Asibiti za mu kai ta, Yaya. Ruwa ne ya taru a jikinta, zuciyarta ta gaji da turawa."

"Babu inda za ta. Ka fitar da ɗanyen jiki cikin wannan iska?" Ta ajiye kwanon, ta tare ƙofar da jikinta. "Kai ba ka gani ba, kana cikin tsumma. Ni na gani. Irin kumburin Inna ne sak. Haka ƙafafunta suka yi, haka take zama tana haki. Damina ce, itace ya jiƙe, ba a gasa ta yadda ya kamata ba, sanyi ya cinye ta. Tun ranar na yi alkawari ba za a sake yin sakaci a gabana ba. Ba zan bar 'yarka ta bi uwarka ba."

Ashe abin da ke cikinta ke nan. Bai taɓa jin yadda mahaifiyarsu ta rasu dalla-dalla ba, an dai ce masa jego ne. Yanzu ya ji, kuma ya gane abin da ya ji. Amsar tana kan harshensa, amsar da za ta kawar da Uwa daga ƙofar nan take. Ya dubi tsohuwar, ya haɗiye ta.

"Yaya," ya ce, "tun da kika goya ni ban taɓa ƙin maganarki ba. Yau zan ƙi. Ki yafe mini."

Ba ta motsa ba. Waje Karimoune ya tsayar da mota, injin yana ci. Sai Khaula ta yi magana, kalma ɗaya ta huta, kalma ɗaya ta huta.

"Gwaggo, numfashina ba ya kaiwa ƙasa."

Uwa ta dube ta. Ta matsa daga ƙofar ba tare da ta kalli ƙanenta ba, ta fizgo bargon da ke taga ta lulluɓe Khaula har ka, ta saɓi jaririn a baya. "In ta mutu a hanya, kai da Allah," ta ce, kuma ita ta fara shiga motar.

Wani ƙaramin asibitin kuɗi suka je, inda Zuhair yake aiki, wani likita ɗan garin wanda ya taɓa zama a ajin Abdulbaƙi. Ya saurari ƙirjinta gaba da baya, ya ɗauki hoto, ya sa aka yi mata allurar da ke fitar da ruwa, aka sa mata iska a hanci. Sannan ya ja tsohon malaminsa gefe suka yi Larabci.

"Ustaz, ruwa ya kai huhu, zuciyar ta buɗe. Da kun ƙara kwana biyu ban san abin da zan ce maka ba. Me take ci?"

Abdulbaƙi ya buɗe ledar, wadda sai yanzu ya lura tana hannunsa tun safe. Zuhair ya gutsuri ɗan kaɗan ya taɓa a harshe.

"Naɗrun? Wannan take sha? Ustaz, ai kai ka koya mana, inda gishiri ya shiga..." Ya ga fuskar dattijon, ya canja magana. "Wa ke ba ta?"

Uwa tana zaune a benci tana jijjiga jariri, ba ta jin ko kalma ɗaya.

"Ni na sayo," in ji Abdulbaƙi.

Zuhair bai ƙara tambaya ba. Ya ce yana sa ran za ta tashi, amma zuciyar za ta ɗauki watanni tana shan magani, kuma maganar wani ciki sai an zauna an yi shawara sosai. Gishiri kuwa, ko na miya, a janye.

Aka kwantar da ita. Ɗakin asibitin sanyi ƙalau, babu hita, babu ruwan zafi, babu kunu. Uwa ta tare a gefen gadon, tana jiran abin da ta tabbata zai faru. Ba ta yi wa Abdulbaƙi magana, ko gaisuwarsa da ka take amsawa. Amma tana da ido. Ta ga ana fita da ruwa roba bayan roba. Ta ga ƙafafun suna saɓewa har idon sawu ya fito. Ran nan da hantsi ta ga Khaula ta zame daga kan matasai ta kwanta a miƙe a kan gado, ta yi barci har da minshari. Ta daɗe tana kallonta.

Da la'asar Uwa da Abdulbaƙi suka koma gida tare don ta yi wanka ta ɗebo kayan jariri. Ledar kanwar tana nan a tsakar gida inda ya jefar da ita ranar da ya dawo daga asibiti. Uwa ta ɗauka, ta zauna a kan kujera 'yar tsugunno, ta ɗora dunƙulen a cinya.

"Auta, me likitan nan ya hana ta?"

"Gishiri."

"Da kanwa?"

"Da kanwa."

Ta shafa dunƙulen da tafin hannu, farin garinsa ya manne mata. "Kunun Inna ni nake damawa. Da ta fara kumbura Kaka ta ce in ƙara kanwa, na ƙara. Ta ce in ƙara, na ƙara." Ta ɗago. "Ita ce?"

Duk tsawon aikinsa abu ɗaya yake alfahari da shi, bai taɓa rubuta abin da bai auna ba. Ya nemi mafaka a nan. "Ban sani ba, Yaya. Babu wanda ya auna ta."

"Kada ka yi mini turancin makaranta. Ni na yi maka tsarki kana jariri."

Ya zauna a ƙasa kusa da ƙafarta, yadda yake zama yana yaro. Tausayinta ya cika shi har ya rasa inda zai sa idonsa.

"Mai yiwuwa ita ce," ya ce. "Amma shekararki goma sha biyu. An ce ki dama, kin dama, kuma duk garin babu wanda ya sani. Ni fa? Na sani tun kafin a haifi yarinyar nan. Ina koyar da shi. Da ƙafata na je na sayo, har sau biyu, na tsaya a bayan labule ina tambayar lafiya. In laifi kike nema, ga shi a gabanki."

Uwa ta miƙa masa dunƙulen. "Kai wa mahautan nan naka, su ba raƙuma su lasa."

Washegari da safe ƙarar muciya ta fito da shi. Ya same ta a kicin tana dama kunu, gero da citta da kanumfari kawai. Ya tsaya a bakin ƙofa. Ta ɗebo a ludayi, ta hura, ta kurɓa, ta ɗan ɓata fuska.

"Lami ne, babu kanwa," ta ce. Ta ci gaba da juyawa, bayanta a gare shi. "Irin wannan Inna ta roƙe ni. Ana gobe za ta rasu, Kaka ta fita, ta kama hannuna ta ce, Uwa, dama mini fari, kanwar nan ta ishe ni. Na ce a'a Inna, so nake ki warke."

Uwa ta sauke tukunyar, ta juye kunun a fulas, ta ɗaure bakin tam, ta goge jikinsa da gefen zaninta. Sannan ta juyo ta sa masa a hannu.

"Maza kai wa Khaula tun da zafi," ta ce. "Kuma ka zauna ka ga ta sha."